Bunsuru da Raƙumin Dawa a Ƙarƙashin Bene

Shagonsa bai kai a kira shi shago ba. Wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene mai shaguna, inda mutum ba ya iya miƙewa tsaye sai a bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a wurin yana yanka wa mutane makulli, har sana'ar ta cinye sunansa. Masu shaguna Mai Makulli suke ce masa, masu shara Mai Makulli, hatta matarsa in ya ba ta haushi sai ta ce, "To, Mai Makulli, an rufe bakin ke nan sai gobe?"

Kayan aikinsa ba su da yawa. Injin yanka guda ɗaya da ya girmi 'ya'yansa, magagari uku, buroshi, da wani allon katako mai ƙusoshi inda ɗanyun makullai ke rataye, waɗanda ba a fitar musu da haƙora ba tukuna. Ka miƙa masa naka, ya ɗaure shi a hagu, ya ɗaure ɗanyen a dama, inji ya yi ƙara na minti ɗaya, garin ƙarfe ya zubo masa a cinya. Daga nan ya bi sabon da magagari, ya shafa shi da babban yatsa, ya hure shi sau biyu, ya ce, "Je ka gwada. In bai buɗe ba ka dawo." Ba a dawowa. Iyakar hirarsa da kai ke nan, ko da kuwa shekara goma kana zuwa.

Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Irin mutanen nan ne da za su tashi da asuba su gyara maka ƙofa ba ka roƙe su ba, amma su ce maka sannu sai ka ce za a cire musu haƙori. 'Ya'yansa biyu. Auta tana aiki a kantin magani, bakinta kamar na uwarta, ba ya hutawa. Babban kuwa namiji ne, tun yana aji uku ya wuce kowa tsawo aka sa masa Dogo. Shi ya ɗauko uban kaf, har taurin kan.

Dogo ne ya kawo gem ɗin gidan. Wata 'yar na'ura ce da ake riƙewa da hannu biyu, gilashi a tsakiya, madannai hagu da dama. Wasan da ke ciki kamar lido ne da aka hura wa rai. Hanya ce mai gida-gida ta zagaye wani tsibiri, kowa da dabbarsa. Ka danna a jefa maka ƙwaya, ka taka gidajen da ta ba ka. Wani gidan kyauta ne, wani rami, wani kuma gidan sata: in ka faɗa shi sai ka zaɓi wanda za ka ƙwace wa fitila. Wanda ya fi tara fitilu shi ya ci. Bayan kowane zagaye kuma a yi wata 'yar gasa, kamun kifi ko tseren buhu.

Ranar da ba a fita aiki sai su zauna su huɗu a falo bayan abincin rana, na'ura tana yawo daga hannu zuwa hannu. Yaran ne suka raba dabbobin. Uwar ta samu kaza mai lema, Auta mage, Dogo ya ɗauki raƙumin dawa ba tare da an yi gardama ba. Uban kuwa suka ba shi wani bunsuru mai gemu da ɗaurarriyar fuska, suka rubuta BABA a ƙarƙashinsa, suna dariya har Auta tana riƙe ciki. Ya ce wasan banza ne, aikin marasa aikin yi. Amma bai taɓa tashi ba sai an gama, kuma in aka ƙwace masa fitila yakan yi kwana biyu yana tuna wa mutum.

Abin da ya raba su da Dogo bai ɗauki minti biyar ba. Mai Makulli ya daɗe da shirya cewa yaron ne zai gaji lungun. Har ya sa an sake rubuta allon bakin shago, an ƙara "da Ɗansa". Sai ga Dogo da takardar ɗaukar aiki daga wata masana'antar kwalabe a wani gari mai nisa, tafiyar kwana biyu. Da uban ya ƙi ko duban takardar, yaron ya ce, "Baba, ƙofofi fa yanzu da kati ake buɗe su, wasu da yatsa. Nan da shekara goma wa zai kawo maka makulli?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Mai Makulli ya ce, "To. In ka sa ƙafa ka tafi, kada ka kira ni. Ko a waya kada in ji muryarka."

Da wani yaron ne, da bayan mako biyu ya kira ya ce Baba yi haƙuri, magana ta mutu. Amma an ce maka uban ya ɗauko. An ce kada ya kira, bai kira ba. Uwarsa yake kira duk ƙarshen mako, su yi ta hira a ɗaki. A daidai lokacin ne kuma Mai Makulli ke tuna cewa hannun ƙofar ɗakin yana buƙatar mai. Ƙofar nan ta sha mai har ta gaji. In matar ta miƙo masa wayar da ido, sai ya tattara kayansa ya fita. Haka aka ci shekara guda da 'yan watanni, kewa tana cinsa, shi kuma ya gwammace ta cinye shi da ya buɗe baki.

Wata safiya yana neman batir a durowar falo ya ci karo da na'urar, an naɗe ta a tsohuwar rigar Dogo. Ya daɗe yana riƙe da rigar. Auta ta fito a gurguje, jaka a kafaɗa, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, ta makara. Ya ce ta kunna masa abin nan ya ga ko yana aiki. Ta jona shi a wuta, ta daddanna da hannu ɗaya, ta zaɓar masa bunsurunsa, ta cike sauran gurabe uku da abin da yatsanta ya fara taɓawa: wani kwaɗo, wani biri, da raƙumin dawa.

"Duk sanda kake so, ka danna nan sau biyu, zai dawo maka da su," in ji ta.

Ya jefa ƙwaya, bunsuru ya taka gida huɗu. Sai ya ga raƙumin dawa ya jefa tasa da kansa, ba wanda ya taɓa komai, ya taho da dogayen ƙafafunsa, DOGO a rubuce a ƙarƙashinsa.

"Ke, wannan fa? Waye wannan?"

Ta leƙo daga bakin ƙofa. "Wannan? Haba Baba, ai Yaya ne." Ta fice tana ci gaba da wayarta.

Ita dabbar Yaya take nufi. Shi kuwa ya sha jin yaran suna cewa yanzu mutum na iya wasa da wani da ke wata ƙasa, ta iska, kamar waya. Ya zauna a hannun kujera. Wato yaron ya ga an kunna, ya shigo. Bai kira ba, bai karya maganar ubansa ba, amma ya zo. A gefen sunan akwai wasu ƙananan haruffa uku na wani yare, irinsu kuma a gefen kwaɗo da biri. Mai Makulli ya sa tabarau ya duba, ya gane nan take: sunan masana'antar ne a taƙaice, waɗancan biyun kuma abokan aikinsa ne. Bai gaya wa kowa ba. Ya sa na'urar a aljihun riga ya tafi da ita shago.

Ƙarfe biyu na rana kasuwar makulli takan mutu. A lokacin yake jan kujerarsa can ciki inda matakala ta fi ƙasa, ya goge hannunsa a tsumma, ya danna sau biyu. Kullum raƙumin dawa yana nan. Kwanakin farko ba su yi daɗi ba. Duk sanda raƙumin ya faɗa gidan sata, bunsuru yake nufa kai tsaye. Mai Makulli ya riƙa magana shi kaɗai: "Ɗauki mana. Ɗauke duka. Ai dama ka gama da ni." Kwaɗon ma bai raga masa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana buɗe kwaɗo iri-iri, ga shi wani koren kwaɗo mai hula yana tura shi rami. Duk da haka in za a fara sai ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Sannunku da aiki, samari," don kada a ce uban Dogo ba shi da kirki.

Wata rana zumuɗi ya kama shi ya kunna da ƙarfe goma na safe. Raƙumin dawa yana nan, da abokansa duka biyu. Ya kashe da sauri. Da yamma yana wanke hannu ya ce wa matarsa, ba tare da ya dube ta ba, "In kun yi waya ki ce masa ya riƙa mai da hankali ga aikin mutane. Ba a ɗauke shi don wasa ba."

Ta ajiye ludayi. "Wane wasa kuma? Yaron da ke tsaye awa goma a gaban wuta?"

"Ke dai ki faɗa masa."

"Ikon Allah. Yau kuma saƙo ake bayarwa? Ga waya can, bakinka ciwo yake yi?"

Ya goge hannunsa ya fita. Amma daga ranar ya kafa wa kansa doka: ƙarfe biyu zuwa uku kawai, lokacin da ya yanke a ransa cewa shi ne hutun masana'anta. Ba zai zama sanadin korar ɗansa daga aiki ba. In mai neman makulli ya zo a tsakanin nan, sai ya yi masa aikin da na'urar a cinya yana satar kallonta, yana jin kunyar barin yaro yana jira.

A wata na biyu abin da yake jira ya faru. Raƙumin dawa ya faɗa gidan sata. Bunsuru na da fitila uku, kwaɗo na da ɗaya tak. Kibiyar zaɓi ta yi yawo a kansu, ta tsaya a kan bunsuru, Mai Makulli ya rufe ido ɗaya. Sai ta wuce. Raƙumin ya je ya ƙwace ta kwaɗo. Mai Makulli ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ranar ya rufe shago tun la'asar, ya koma gida da lemo cike da leda, har matarsa ta tambaye shi ko an yi masa albishir ne. Ya ce lemon ne ya yi kyau.

Daga nan shi ma ya fara mayar da magana ta hanyar da ya iya. In ya faɗa gidan sata, biri yake bi, ko da raƙumin ne ke gaba. In suna tseren buhu ya ga zai riga shi, sai ya sassauta yatsa. In hanya ta rabu biyu, ɗaya mai fitila ɗaya mai rami, raƙumin na bayansa, sai ya bi ta ramin ya bar masa fitilar. Kowace faɗuwa da abin da take nufi. Wannan ta allon da na rubuta ban tambaye ka ba. Wannan ta takardar da na ƙi dubawa. Wannan ta maganar da na faɗa a bakin ƙofa. Mutumin da bai taɓa ce wa kowa yi haƙuri ba, ya faɗe ta sau ɗari da babban yatsa, kuma ya tabbata ana ji.

Abin da ya fi so shi ne gasar kwale-kwale. Ba kullum take fitowa ba. In ta fito sai a raba su biyu-biyu, wani lokacin kuma sa'a ta haɗa bunsuru da raƙumin dawa a jirgi ɗaya, ɗaya na tuƙi ta dama ɗaya ta hagu. In hannunku bai zo ɗaya ba sai jirgin ya yi ta juyawa a wuri guda. Da farko haka suka yi ta yi. A hankali ya koyi saurin yaron, ya daina jan nasa, ya bi shi. Ranar da suka fara riga kwaɗo da biri isa gaɓa, dabbobin biyu suka yi tsalle suka tafa hannu. Mai Makulli ya kifa na'urar a ƙirjinsa ya zauna, mutane na hawa da sauka a bisa kansa. Yana son ɗan nan, kewarsa kuma har cikin ƙashi yake jin ta.

Wata bakwai aka yi haka. Garin ƙarfe ne ya kawo ƙarshen abin. Ya shige ƙarƙashin madannin dama, ya fara maƙalewa, wata Talata kuma ya ƙi motsi gaba ɗaya. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna. Mai Makulli ya haye bene da sauri wurin mai gyaran waya, wani mai tumbi da fara'a da ake kira Injiniya, wanda suka yi shekara tara suna gaisawa da ɗaga hannu.

"Ka taimake ni ka gama kafin biyu. Ana jirana."

Injiniya ya kwance bayan na'urar, ya hure, ya goge da ɗan auduga, ya mayar. Aikin minti goma. Ya kunna don gwaji, tsibiri ya fito da dabbobinsa. "Ashe Mai Makulli ana taɓawa! Wa ke jiran naka?"

Bai yi niyyar faɗa ba, amma abin ya daɗe a cikinsa, kuma akwai alfahari a ciki. Ya nuna da yatsa. "Ɗana ne. Daga can wurin aikinsu yake shigowa. Kullum."

Injiniya ya dubi gilashin, ya dube shi, ya yi dariya irin ta wanda ya ɗauka wasa ake yi. "Wane ɗa? Wannan ai na'ura ce ke buga shi. Ka ga haruffan nan uku? Abin da suke nufi ke nan, babu mutum a wurin."

"Sunan masana'antarsu ne."

"Wallahi ba shi ba ne. Wannan gem ɗin ma ba a taɓa haɗa shi da intanet ba, duba nan ka gani. Ko cikin rijiya ka shiga da shi, raƙuminka zai zo." Ya daddanna wani wuri. "Ga shi, in kana so in ƙara masa wayo, in kana so in mai da shi dolo. Wanne za a yi?"

"Ya taɓa ƙyale ni," in ji Mai Makulli. "Ina da uku, kwaɗo na da ɗaya. Ya bar ni ya bi kwaɗo."

"Haka suke yi, wani sa'in nan wani sa'in can." Sai a lokacin Injiniya ya ga fuskar mutumin da kyau, ya daina dariya. Ya ce, "Ko da yake ban san komai ba fa, Baba. Wataƙila..."

"A'a. Ka sani."

Ya sauko matakalar yana dafa bango. Ya zauna a lungunsa, na'urar a kan injin yanka. Ba kunyar Injiniya ce ta dame shi ba, duk da ita ma akwai ta. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, duk haƙurin nan da ya bayar babu ko ɗaya da ya fita daga ƙarƙashin benen nan. A can inda Dogo yake, maganar ƙarshe da ya ji daga bakin ubansa tana nan yadda aka faɗe ta, shekara biyu ba abin da ya taɓa ta. Ƙarfe biyu ta yi, ta wuce. Wata mata ta zo da makullin kabad, ya ce mata inji ya lalace.

Ya ja ƙofa ya tafi gida da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa na shanya a baranda, ta gan shi ta saki zanin da ke hannunta.

"Lafiya?"

"Ba ni lambar yaron nan."

Ta buɗe baki, kuma kowa ya san akwai magana cike da shi, ta shekara biyu. Ta dube shi, ta haɗiye abarta. Ta karanto masa lambar da ka, a hankali, yana dannawa a tsohuwar wayarsa, sannan ta ɗauki bokitinta ta shige ciki ta jawo ƙofa.

Wayar ta daɗe tana ƙara. Har ya fara fatan kada a ɗauka. Sai aka ɗauka, ƙarar injuna ta cika masa kunne, da wata murya a cikinta da ta fi yadda ya san ta kauri.

"Baba?" Sai kuma da sauri, "Baba, Mama ce? Me ya samu Mama?"

"Lafiyarta ƙalau. Tana shanya."

"Auta?"

"Tana wurin aiki."

"To wa ya rasu? Baba, faɗa mini kawai, wa ya rasu?"

Mai Makulli ya kama ƙarfen baranda. Ashe abin da ya mai da kansa ke nan a wurin ɗansa: mutumin da ba za a ji muryarsa ba sai an yi mutuwa.

"Babu wanda ya rasu," ya ce. Ya maimaita. "Babu wanda ya rasu, Dogo. Ni ne. Kewarka nake yi. Maganar da na faɗa maka, ban kyauta ba."

Ya ɗauka layin ya yanke. Can ya ji yaron yana ce wa wani, "Riƙe mini nan, babana ne." Aka yi tafiya, wata ƙofa mai nauyi ta rufe, ƙarar ta ɗauke. Yanzu numfashinsa kawai yake ji, yana fita da ƙyar, irin na mai ƙoƙarin kada a gane yana kuka.

"Baba, ba za su bar ni in daɗe ba. Hutun minti goma kawai ake ba mu a yini."

"Goma?"

"Goma."

Mai Makulli ya jawo kujerar roba da ƙafa ya zauna a cikin jiƙaƙƙun kayan shanya, ruwansu na ɗiga masa a kafaɗa.

"To ba ni su duka," ya ce.